Injin wanki: mai murfi a sama ko mai ƙofa a gaba, wanne ya dace da gidan da ke shan ruwan tanki?

Uwargida_Madina

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan injin wanki. Mu shida ne a gida, yara huɗu, uku suna makaranta, kuma a Madina ta Accra muke. Ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba, don haka muna da tanki mai cin lita 1000 a kan ƙafar ƙarfe, tsayinta zai kai mita biyu. In ya ƙare famfo bai dawo ba, sai mu sayi na tanka. Mitar wuta ta kati ce, tamu mu kaɗai. Inda zan ajiye injin baranda ce ta bayan gida, daɓen siminti, kusa da kwata.

Mai shago ya ce in ɗauki mai ƙofa a gaba, wai ya fi fitar da datti kuma ba ya shan ruwa. Maƙwabciyata ta ce in guje shi, wai yana cin wuta, kuma in ya lalace gyaransa sai an yi da gaske. Yawancin wankinmu kayan makaranta ne, atamfa, hijabai, zanen gado da tawul, sai shaddar maigida jefi-jefi. Wanne zan saya, kuma mai kilo nawa?

Masta_Mai_Gyara

Wa alaikumus salam Hajiya. Mai shago bai yi ƙarya ba, maƙwabciyarki ma ba ta yi ba, sai dai ba wanda ya tambaye ki abin da zai raba gardamar, wato ƙarfin ruwan da ke fitowa daga tankinki.

Da farko, iri uku ne a kasuwa, ba biyu ba. Akwai mai baho biyu, wanda ke za ki zuba masa ruwa, ki murɗa taima, in ya gama ki kwashe kayan da hannu ki mayar bahon matsewa. Akwai mai murfi a sama da ke yin komai da kansa. Sai mai ƙofa a gaba. Biyun ƙarshe dukansu da bawul na lantarki suke jan ruwa, kuma bawul ɗin nan ba ya buɗewa sosai sai ruwa ya turo shi da ƙarfi. Ki duba littafin kowane inji, za ki ga an rubuta mafi ƙarancin ƙarfin ruwa. Da ma'aunin da ake kira bar ake auna shi. Yawanci rabin bar ne, wato 0.5, wasu har bar 1 suke nema. Kowace mita ɗaya ta tsayi tana ba da kusan 0.1, kuma ana aunawa daga saman ruwan da ke cikin tanki zuwa bakin da tiyo ke shiga inji.

To mu lissafa naki. Ƙafar tanki mita 2, ruwan ciki in ya cika ya ƙara mita ɗaya da ɗan abu, a cire kusan santimita 85 na tsayin injin kansa. Tanki a cike kina da abin da bai kai 0.3 ba, in ya yi ƙasa kuma wajen 0.1. Abin da zai faru shi ne ruwa zai riƙa shiga kamar hawaye, inji ya jira wasu mintoci, ya ga bai kai ma'auni ba, ya tsaya ya nuna alama. A LG IE yake rubutawa, a Samsung 4E ko 4C. Mutane su ɗauka inji ne ya lalace, alhali ruwa ne ba ƙarfi. Mai ƙofa a gaba yana da ƙarin matsala a nan: ruwan da ke shiga shi ne ke wanke garin sabulu daga aljihun sama zuwa cikin ganga, in ba ƙarfi sai garin ya daskare a aljihun.

Kafin ki fitar da ko sidi ɗaya, ki yi wannan gwajin. Ki sa bokiti mai lita 10 a bakin famfon da za a haɗa injin, lokacin da ruwan tanki kaɗai ke zuwa, ki buɗe gaba ɗaya, ki duba agogo. In ya cika cikin minti ɗaya ko da ɗan ɗori, kowane inji zai yi aiki. In ya haura minti biyu, sai an sa ƙaramin injin tura ruwa a layin, irin mai tashi da kansa in an buɗe famfo.

Yanzu yawan ruwan da kowanne ke sha. Mai ƙofa a gaba ba ya cika ganga. Ruwa kaɗan yake ɗiba a ƙasa, ganga ta ɗaga kaya sama ta sako su, ta sake ɗagawa, kamar mai bugun wanki a kan dutse. Mai kilo 7 ko 8 yakan sha lita 45 zuwa 60 a wanki ɗaya har da ɗauraya, wato galan ɗin Kufuor, jarkar ruwan nan mai launin rawaya, biyu da ɗan ƙari. Mai murfi a sama kuwa dole kaya su nutse su yi iyo kafin faifan da ke ƙasa ya iya juya su, kuma sau uku yake cika: wanki ɗaya, ɗauraya biyu. Lita 120 zuwa 150 ke nan, galan biyar ko shida. Gidan mutum shida ba zai kasa wanki biyar a mako ba. Na gaba zai sha kusan lita 300, na sama ya doshi 700. A wata bambancin ya fi tankinki ɗaya da rabi. Ga wanda famfonsa ke zuba kullum wannan ba komai ba ne, amma ga mai kiran tanka kuɗi ne tsagwaronsu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Sai dai na sama yana da wani sauƙi da ba a rubutawa a kwali. In ruwa ya ƙi shiga, kina iya ɗaga murfi ki zuba da bokiti har ya kai ma'aunin da kika zaɓa, zai gane ya ci gaba. Amma sai kin tsaya a kansa ki sake zubawa a kowace ɗauraya, kuma in haka za a yi kullum, me ya sa aka biya kuɗin mai sarrafa kansa? Mai baho biyu ya fi shi araha kuma don haka aka yi shi.

Wajen fitar ruwa ma sun bambanta. Yawancin masu murfi a sama da ake kawowa nan ba su da famfon fitar da ruwa, gangarawa kawai yake yi, don haka tiyon ya kwanta ƙasa, kada ya hau tudu, kada ya lanƙwashe. Barandarki da ke kusa da kwata ta dace da shi. Na gaba yana da famfo, kuma shi so yake a ɗaga bakin tiyon tsakanin santimita 60 zuwa 100 daga ƙasa. In aka yar da shi a ƙasa, ruwa na shiga ta sama yana zurarewa ta ƙasa, inji ya yi ta ɗiba ba ya ƙoshi.

Batun kilo, ki ɗauki 8. Kilon da aka rubuta na busassun kayan auduga ne, kuma ba a cusa su har baki.

Hajiya_Mai_Wanki

Sannu da ƙoƙari Masta, lissafin ruwa ya fita. Ni ta wajen tufafi zan yi magana, ƙanwata, don a nan ne mutane ke yin asara ba su sani ba.

Faifan mai murfi a sama yana juyawa dama, ya juya hagu, da ƙarfi. Gajerun kaya ba ruwansu: rigar makaranta, gajeren wando, singileti, tawul. Amma dogon abu, hijabi, mayafi, zane mai yadi biyu, wandon maza mai zariya, nannaɗewa suke yi su zama igiya ɗaya. In aka zo matsewa dunƙulen ya koma gefe guda, ganga ta riƙa dukan jikin inji, shi kuma ya ƙara ɗibar ruwa don ya warware su, ruwa ya ƙara tafiya. Hijabin roba mai laushi nan yake saki ya yi tsawo ta gefe ɗaya. Maganinsa jakar raga mai zif: hijabi biyu ko uku a jaka ɗaya, a ɗaure zariya kafin a sa, a ja zif ɗin riguna a rufe. Na gaba ba ya nannaɗe kaya haka, kuma ya fi tausaya wa zare. A wannan mai shago ya yi gaskiya.

Amma kada wani ya ce miki inji zai ɗauke miki komai. Wuyan farar rigar makaranta, bakin hannu, da safar da ta sha jar ƙasar fili, sai an jiƙa su minti 20 zuwa 30, an shafa sabulu an ɗan goga da buroshi kafin su shiga, kowane iri kika saya. Ki kuma kakkaɓe aljihun yara. Yashi yana taruwa a ƙarƙashin faifai, kwabban pesuwa da fil ɗin hijabi kuwa su ne manyan masu toshe famfon na gaba.

Shaddar maigida, in mai tsada ce da har yanzu ke ƙyalli, kada ta ga cikin inji ko wanne ne. Ƙyallin nan daga matsi da bugu ya samo asali, juyi da gogayya suna kashe shi, ruwan zafi kuma ya ƙarasa. A wanke da hannu a ruwan sanyi, a sa sitaci, a kai wa masu bugu. Haka babbar riga mai aiki, batakari saƙar hannu, kente, leshi mai duwatsu da abaya mai ado. Atamfa tana shiga, amma a juya bayanta, ruwan sanyi, gajeren wanki, sabuwa kuma a wanke ta ita kaɗai karo na farko saboda zuba.

Sai sabulu, wanda shi ne ke kai yawancin masu ƙofa a gaba wurin su Masta. Omon da muke saya a ƙulli ko a leda don wankin hannu an yi shi ne ya yi kumfa, don mu kumfa muke gani mu ce yana aiki. A cikin na gaba kumfa abokiyar gaba ce. Tana zama kamar katifa, kaya su faɗo a kanta ba su bugu ba, datti bai fita ba. Tana ruɗa abin auna ruwa, inji ya ƙi matsewa, wani lokaci ta ɓullo ta aljihun sabulu ta bi jikin inji. Dole a sayi wanda aka rubuta a jikinsa na inji ne, gari ko na ruwa, kuma cokalin cin abinci biyu zuwa uku ya isa cikakken wanki. In kin leƙa gilashi kin ga kumfa ta haura rabi, ya yi yawa. Na sama da mai baho biyu ba su da wannan tsirfar, kowane omo suna ci, sai dai a narkar da shi a ɗan ruwa tukuna don kada ya bar farin gari a baƙaƙen kaya.

Inda na fi son na gaba shi ne damina. Yana matsewa da gudun juyi 1000 zuwa 1400 a minti, na sama mai sarrafa kansa kuwa 700 ko 800 ne. A watan Yuni, da Accra ke kwana uku rana ba ta fito ba, tawul da zanen gadon da aka matse da 1200 suna bushewa a baranda kafin dare, na ɗayan kuwa su kwana su fara warin danshi. A hunturu bambancin ba ya damun kowa. Inda kuma na fi jin haushinsa shi ne lokaci. Wankin auduga yana cin awa biyu, wani har uku, na sama minti 45 zuwa awa ɗaya. Gajeren wankin da ake tallarsa, na minti 15 ko 30, na kaya kaɗan ne marasa datti sosai, ba na kayan mako ba.

Kuma Masta, kada a raina mai baho biyu. Da ruwa ɗaya ana wanke fararen kaya, a bi da masu launi, a ƙarasa da baƙaƙe da tsummoki, ruwan ɗauraya kuma a tare a baho a wanke tsakar gida ko a zuba a bayi. Mai hankali da shi ba za ta sha ruwan da ka lissafa wa na sama ba. Ƙarfin jiki da tsayuwa kawai yake nema.

Lantarki_SabonZongo

Gaisuwa ga manya. Hajiya mai tambaya, maganar maƙwabciyarki cewa na gaba yana cin wuta rabin gaskiya ce. Ba moto ne ke ci ba, hita ce. Moto na jan wat 300 zuwa 500 a duka ukun. Hitar da ke cikin na gaba tana jan wat 1800 zuwa 2000. Ɗumama lita 15 daga zafin ruwanmu na nan, wajen digiri 28, zuwa digiri 60 yana cin yunit 0.55 ko kusa da haka. Wanki da ruwan sanyi kuwa gaba ɗayansa bai wuce yunit 0.2 zuwa 0.3 ba. Matsalar ita ce yawancin shirye-shiryen injin suna zuwa da digiri 40 a saite, mutum ya danna farawa kawai bai duba ba, hita ta tashi a kowane wanki, sai a ce kati ba ya daɗewa. Ki danna maɓallin zafi ki mayar da shi sanyi. Ruwan tankin da ya wuni a ranar Accra ai da ɗuminsa yake fitowa. A bar zafi don tawul, kayan jariri da zanen mara lafiya.

Abin da ya kamata ki ji tsoro ba yawan wutar ba ne, rawar da take yi ne. Wutarmu volt 230 ce, amma da yamma a unguwa mai cunkoso tana sauka, kuma in aka ɗauke aka dawo da ita takan zo da ƙarfi. Mai baho biyu ba shi da bod, wato allon lantarkin da ke sarrafa inji, taima ce ta murɗawa da moto biyu da kafasita, shi ya sa yake jure dumso, wato yawan ɗauke wuta da dawo da ita, ko ƙaramin janareta yana ɗaukarsa. Sauran biyun duk suna da bod, kuma na gaba mai inbata bod ɗinsa na cikin mafi tsadar kayan da ke jikinsa. Don haka a sa masa gad mai yanke wuta in ta yi ƙasa ko ta yi sama, ya kuma jira wasu mintoci bayan ta dawo. A duba ya zama mai amfiya 13 ko sama. Wasu ƙananan gad na firij amfiya 5 ne, hita tana jan kusan 9, za ta ƙona shi. In sitabilaiza za a sa wa na gaba, kada ƙarfin da aka rubuta a jikinta ya gaza VA 3000, in ba haka ba tana ɗaukar zafi duk lokacin da hita ta tashi.

Soket nasa shi kaɗai, a bango, waya mai kauri 2.5, a ɗaga shi sama da inda ruwa zai fantsama. Ban da jona shi a doguwar wayar ƙari mai baki huɗu, narkewa take yi. Wayar ƙasa kuma ta zama tana aiki da gaske, ba a soket kawai aka ga ramin ba, don ga ruwa, ga ƙarfe, ga mutum ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti. In da hali a sa burekar da ke yankewa da zarar wuta ta zurara, mai miliamfiya 30.

Abu biyu kan injin da ke zuwa daga waje. Na Turai da yawa filoginsu mai ƙafa biyu ne zagayayyu, wayar ƙasarsa tana gefe, a wasu 'yan ƙarafa. In aka cusa shi a soket ɗinmu mai rami uku ko a ƙaramar adafta, wayar ƙasa ba ta haɗu ba, shi ya sa ake jin inji yana ɗan jan hannu. A yanke filogin a sa mai ƙafa uku mai fis na amfiya 13: ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ta dawowa, mai kore da rawaya ta ƙasa. Na Amurka kuwa, irin wanda 'yan'uwa ke sakowa a kwantena, volt 120 ne kuma an yi shi don bugun wuta 60 a daƙiƙa, namu 50 ne. Taransifoma tana gyara volt amma ba ta gyara bugun, moto ya yi ta gudu a hankali yana zafi. Kyauta ce mai cin kuɗi.

Uwargida_Madina

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Masta, na yi gwajin bokitin, tanki na rabi, ya ɗauki kusan minti uku kafin ya cika. Ke nan sai da injin tura ruwa? Kuma akwai masu sayar da na hannu, hom-yus, mai ƙofa a gaba, kuɗinsa kusan ɗaya da sabon mai murfi a sama. Wanne ya fi saurin lalacewa, kuma me ke lalacewa?

Masta_Mai_Gyara

Minti uku, Hajiya, ba mai sarrafa kansa da zai ji daɗin wannan layin, na sama ko na gaba. Kafin a sayi injin turawa, mai famfo ya duba ko siririn bututu ne aka ja daga tanki, ko akwai gwiwoyi da yawa a hanya, ko bakin famfon ya toshe. Mayar da bututun zuwa inci ɗaya yana ƙara yawan ruwa, amma ba ya ƙara tsayi, don haka da wuya ki tsira daga sayen injin. Ƙarami ya isa, wanda bai wuce rabin doki ba. A sa mataci kafin shi, don ruwan tanka yana zuwa da laka da yashi.

Abin da ke mutuwa a na sama kaɗan ne kuma sananne. Kafasita: moto na gurnani ba ya juyawa sai an taimaka masa da hannu. Bel ya saki. Haƙoran da ke tsakiyar faifai su cinye, ki ji moto na gudu kaya na tsaye. Sanduna huɗu da ganga ke rataye a kansu su gaji, ya riƙa dukan gefe. Mafi girma shi ne giya da kulocin da ke ƙarƙashi, kuma yawan lodi ne ke kashe su. Duk waɗannan ana samunsu, kowane mai gyara a Nima ko Ashaiman yana iya canza su. Kada a yar da farantin da ke zuwa cikin kwali na rufe ƙasan inji. Na ɓera ne, in ba a ɗaura ba zai shiga ya ci wayoyi.

Na gaba ƙananan cututtukansa daga rashin kula suke. Akwai 'yar ƙofa a ƙasa, yawanci ta dama, a ciki akwai matacin famfo. Duk wata a shimfiɗa tsumma, a tsiyaye ruwa ta ɗan siririn tiyon da ke wurin, a murɗe murfin a kwashe kwabbai da zare. In an bari, zai ƙi fitar da ruwa ya nuna OE a LG, 5E ko 5C a Samsung. Ta nan ake zubar da ruwa in wuta ta ɗauke kaya na ciki, sannan a jira minti biyu zuwa uku makulli ya saki. Kada a ja ƙofa da ƙarfi, mariƙin roba ne. Robar bakin ƙofa a share cikin ninkinta bayan kowane wanki, a bar ƙofa da aljihun sabulu a buɗe, in ba haka ba danshin garin nan zai sa ta yi baƙar fumfuna, kaya su fito da wari. Duk wata ɗaya ko biyu a kunna shi ba kaya a digiri 60 ko sama. 'Yar rariyar da ke bakin shigar ruwa a baya, a zaro ta da filaya a wanke duk wata uku.

Babbar cutarsa boris. Sil ɗin da ke tare ruwa ya gaji, ruwa ya shiga boris, ki fara jin ƙara wajen matsewa kamar jirgi zai tashi. Bayan gangar kuma akwai ƙarfe mai ƙafa uku da ke riƙe da ita, na alminiyom, ragowar sabulu da ruwan gishiri suna cinye shi har ya karye. Mai ruwan burtsatse mai ɗanɗanon gishiri ya sa wannan a lissafi. Wasu injinan bahonsu na waje a manne yake, ba ya buɗuwa, gyaran boris ya zama sai an yanka ko an canza baho ɗungurungum.

Hom-yus a nan hatsarinsa yake, don yawanci ya riga ya ci shekarunsa. In dole sai shi, a buɗe ƙofa a juya ganga da hannu: shiru ake so, in ana jin gurgur boris ya tafi. A kama leɓen gangar ta sama a ɗaga a sauke, in tana motsi ita kaɗai ba tare da bahon waje ba, a bar shi. A leƙa baya a ga ko akwai zanen tsatsa da ya gangaro daga tsakiya. A sa mai shago ya haɗa ruwa da wuta, ya ɗiba, ya ɗumama, ya fitar, ya matse da jiƙaƙƙen tawul a ciki, ba wai a kunna fitila ta kama a ce lafiya lau ba.

A gidanki, tunda kina sayen ruwa kuma mitar taku ce, sabon mai ƙofa a gaba na kilo 8 da injin turawa da gad shi ne zai fi biyan ki, in kuɗin ukun sun samu tare. In ba su samu ba, ki sayi babban mai baho biyu ki huta. Mai murfi a sama mai sarrafa kansa shi ne na ƙarshe a wurinki, don yana buƙatar injin turawar kuma yana shanye tanki.

In na gaban kika ɗauka, ki tsaya a kan mai haɗawa ya cire notunan da ke baya, uku ko huɗu, waɗanda ke ɗaure ganga saboda tafiya. In aka kunna da su, inji zai yi ta tsalle yana yawo a baranda har ya fasa wani abu a ciki. A ajiye su don ranar ƙaura. Nauyinsa kilo 60 zuwa 70 ne, akwai siminti a cikinsa, mutum biyu ne ke ɗauka kuma a tsaye. Daɓen baranda yakan gangara wajen kwata, don haka a daidaita ƙafafun huɗu da ma'aunin magina, a ɗaure notin kowace ƙafa, a tura shi ta kusurwa a ga ba ya rawa.

Hajiya_Mai_Wanki

Ƙari ɗaya tunda baranda ce, ƙanwata. Feshin ruwan sama da rana kai tsaye suna kashe maɓallai, iskar teku kuma tana sa ƙasan inji tsatsa ko a Madina. A yi masa ɗan dakali na siminti mai tsayin bulo ɗaya, da ɗan leɓe a gefe don kada ya zame, a ɗinka masa riga ta tamfol, amma a bar ta a ɗage har cikin ya bushe kafin a rufe. Kuma da yaran nan huɗu, ki sa mai shago ya nuna miki maɓallin kulle yara tun a can, ki gwada da hannunki kafin a ɗora shi a mota.